An Sa Zinhuwe a Gwanjo

Asiba ba ta yi sallama ba. Ta ture ƙofar kwantenar da aka mayar ofis da kafaɗa, ta shigo da bandeji a ido ɗaya da jar ƙurar filin motoci har idon sawu, ta tsaya a kan ɗanta.

"Rabu da motocin nan. An sayar da 'yar'uwarka."

Zinsu ya ɗago daga kwamfuta. Hannunsa na hagu yana rataye a wuya cikin ɗori, tun ranar da tirela ta goge shi a kan babur a hanyar tashar jiragen ruwan Kwatano. Abokin sana'arsa Gbenu, wanda tumbinsa ke riga shi isa tebur, ya ajiye cokali a kan kwanon shinkafa.

"Uwar Biyu, sannu da hanya," in ji Gbenu. "Likita ne ya ce ki shiga rana da idon nan?"

"Likita ne ya haifa mini ita? Ci abincinka."

Zinhuwe ce aka sayar, wadda suka fito ciki ɗaya da Zinsu. Tana 'yar shekara uku ƙyanda ta shigo unguwa, sai ta tafi daji neman itace. Haka ake faɗa. Ba mai hankalin da ke furta ɗayar kalmar a kan ɗan tagwaye. Masassaƙi ya sassaƙa ta a itace, tsawon tafin hannu. Tun daga ranar Asiba ke mata wanka da safe, ta sa mata riga, ta soke ta a ƙugun zane su tafi kasuwa sayar da bandar kifi. Ran Juma'a wake da manja. In an ɗinka wa Zinsu, an ɗinka mata. Yaro ya girma har ya fara furfura ba a taɓa barinta da yunwa ba, domin wanda ke daji, in ya ga an manta da shi, ɗan'uwansa yake kira ya zo ya taya shi zama.

Sai Asiba ta kwanta asibiti a cire mata yanar ido. Aka ce ba a shiga ɗakin aiki da itace, ta bar yarinyar a gida a hannun Dosu, ƙanen tagwayen. Idon ya ƙi, aka sake yankawa, ta wuce jinya gidan ƙanwarta a garin Ajase. Kullum ta ce a kawo mata 'yarta, Dosu ya ce gobe. Kullum ta tambaya, ya ce tana lafiya, ta ci wake. Ashe tun a makon farko ya kai ta wurin faston sabon cocinsu a ƙona ta. Ƙato da gemu, wanda ya sha nonon da yarinyar nan ta bari, ya girma yana lashe ragowar wakenta, shi ne ya sa ta a baƙar leda kamar shara.

"Jiya na dawo na tarar da 'yar kujerarta babu kowa a kai," in ji Asiba.

"Ba su ƙona ta ba?" Zinsu ya tambaya a hankali.

"Ƙona wa? Mai gadin cocin da bakinsa ya gaya mini, bayan na tara masa unguwa. Tsummokara suke ƙonawa a gaban mutane ana waƙa, itatuwan kuwa dillali ke zuwa da buhu ta bayan gida. Na je wurin dillalin, na riƙe masa wando a tsakiyar titi. Ya ce ya aika wa wansa a Beljiyam, wan yana gwanjonsu a cikin irin abin nan naka." Ta ƙwanƙwasa kwamfutar da bayan yatsa. "Ba a nan kake sayen mushen motocin Amurka ba? To nemo mini ita."

"Mama, wannan kasuwa ba ta da bakin ƙofa. Kuma ko sunan mutumin ba ki..."

"Yaushe tirelar ta buge ka?"

"Mama, direban ne barci ya..."

"Kafin a ɗauke ta, ko bayan an ɗauke ta?"

Zinsu ya dubi Gbenu, Gbenu ya dubi shinkafarsa. Sai ya rufe shafin motoci da hannu ɗaya, ya buɗe na babbar kasuwar gwanjo inda ake sayar da komai, ya jawo mata kujera.

Ya fara rubuta sunan da ƙabilarsu ta Fon ke kiran 'yan itacen nan da shi. Abubuwa kaɗan suka fito, har da wani littafi. Asiba ta kai lafiyayyen idonta dab da gilashin kwamfutar, ta girgiza kai.

"Bature bai san Fon ba, malam," Gbenu ya ce da cikakken baki. "A wurinsa duk ɗan itacen da ya fito gaɓar nan Bayarabe ne. Sa sunan Yarbawa."

"'Yata ba Bayarabiya ba ce."

"Ni ma motar da na sayar jiya ba ta tsohuwar likita ba ce, amma haka na ce."

Zinsu ya haɗa sunayen biyu a cikin baka, yadda kowanne aka rubuta zai fito. Shafin ya yi ɗan jim, sannan ya cika. Ya ja ƙasa, ya sake ja, ba su ƙarewa. Dubbai. Maza da mata, dogaye da gajeru, a tsaye a kan farin tebur, hannuwa a manne da cinya, kowanne da farashi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Asiba ta dafe bakin tebur.

"Wa ya tuɓe su?"

"Haka masu saye suka fi so, su ga itacen."

"Duk waɗannan iyayensu suna ina?"

Fanka tana juyawa, tana kaɗa zafin kwantena daga kusurwa zuwa kusurwa. A waje wani yana ta murza injin motar da ta ƙi tashi.

"Da ido ɗaya ba za ki gama su ba ko a shekara," in ji Zinsu. "Sai mun tankaɗe. Kin ga wannan 'yar sandar a kwance? In na sa ta a gaban kalma, duk abin da ke ɗauke da kalmar ya fita. Ke ki faɗi abin da ba ita ba, ni in kore shi."

Wannan ta gane shi. Ta gyara zama.

"Ba littafi ba ce."

Ya sa sanda. Ya ƙara da hoto, da riga, da kati, domin har a jikin riguna an buga su.

"Ba sabuwa ba ce. Ba ƙarfe ba. Ba roba ba, masu robar nan malalata ne."

Sanda, sanda, sanda. Lambar da ke saman shafin tana raguwa kamar ruwan randa. Ya zaɓi masu sayarwa daga Beljiyam kawai, ta sake faɗuwa. Ya sa kalmomi biyu a tsakanin 'yan ƙugiyoyi don su fito a jere yadda ya rubuta, bai ga amfaninsu ba, ya cire.

"Ba namiji ba ce," Asiba ta ce.

Ya kore maza. Suka rage masu yawa duk da haka, kuma rabinsu bibbiyu suke tsaye, kafaɗa da kafaɗa.

"Waɗannan fa me suke mana a nan? Na iyayen da duka biyun suka tafi ne, Allah ya ba su haƙuri. Tawa ita kaɗai ce. Ɗan'uwanta ga shi zaune yana ɓata mini lokaci. Kore masu biyu."

Zinsu ya sa sanda a gaban kalmar, da Faransanci da Ingilishi da yaren can na Beljiyam. Suka ɓace. Abin da ya rage bai fi a duba kafin la'asar ba.

Ya riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wata da kitso mai tsini, wata da shuni a kai, wata an goge ta da mai tana ƙyalli kamar takalmin ɗan sanda. Kowacce Asiba sai ta sa a juya mata baya, a nuna mata ƙafa. Idon yana hawaye don hasken, tana sharewa da bakin mayafi.

"Me aka rubuta a ƙarƙashin wannan?"

Zinsu ya karanta ba tare da tunani ba. "Wai tsohon sassaƙe, ana yinsa ne idan ɗaya daga cikin tagwaye ya mut..."

Ta rufe masa baki da tafin hannu mai ƙaurin kifi.

"Da bakinka? Kai? Tofar!"

Zinsu, mutumin da ke da 'ya'ya a sakandare, ya juya ya tofa a kwandon shara. Gbenu bai yi dariya ba, ya ma taɓa ƙasa da yatsa ya taɓa goshi, yana yi kamar susa yake.

Amma hannun nata ya ji wani abu. Ta mayar da shi kan goshin ɗan, ta bar shi a can.

"Jikinka da zafi."

"Kwantenar ce."

"Tun yaushe?"

"Mama, hannun ne ya ɗan yi ruwa, an ba ni magani. Duba hoto."

Ta duba hoto. Suka kai ta ƙarshe, wata mai karyayyen kunne. Ba ita ba ce.

"Sake."

Suka sake daga farko. Ba ta nan.

"Wataƙila an riga an saye ta," Zinsu ya ce, bai dube ta ba. Ya buɗe wurin da ake nuna waɗanda gwanjonsu ya ƙare, da sandunan nan duka a jere. Waɗannan sun fi ciwo, domin kowacce an rubuta mata an sayar, ta shiga wani gida a wata ƙasa inda ba wanda ya san ran Juma'a. Asiba ta dube su tana fatan ganinta, tana fatan kada ta gan ta. Ba ta nan.

Ya cire Beljiyam ya sa Faransa. Ya sa Holan. Ya cire sandar sabuwa, ko mai sayarwar ya ɗauka sabuwa ce. Ya cire ta namiji, ko bai iya bambancewa ba.

"Makaho ne shi da zai kasa bambancewa?"

"Ina gwadawa ne, Mama."

Rana ta karkata, ta shigo ta tagar da aka yanka a jikin ƙarfen. Gumi ya jiƙa rigar Zinsu, yana danna maɓallai da yatsa ɗaya, lokaci lokaci ya cije leɓe ya gyara ratayen hannun. Asiba ta daina magana. Wanda ya san ta ya san wannan ya fi zagin muni.

Gbenu ba ya iya zama da shiru. Ya miƙe yana sakace, ya leƙo ta bayansu, ya karanta dogon layin sandunan.

"Kai, kun kori rabin duniya. Ni dai abin da na sani, Bature ba ya sayen takalmi ƙafa ɗaya. An ce masa tagwaye, ka miƙa masa guda? Sai ya ce ina canjinsa."

Asiba ta juyo da dukan jikinta.

"'Yar tawa ce takalmi? Kai tulun manja, uwarka da ta haife ka kai kaɗai ba don ta ga ka ishe ta masifa ba ne?"

"Tuba nake, Uwar Biyu, wasa ne."

"Wasa a kan..."

Ta tsaya. Ta juya a hankali ta dubi gilashin. Buhu guda dillalin ke ɗauka daga bayan cocin. Buhu guda na 'ya'yan mutane, kowanne daga gidansa, a zube a kan tebur ɗaya a gaban wanda kunya ba ta taɓa kwana gidansu ba.

"Zinsu."

"Na'am."

"Waccan sandar da na ce ka sa. Ta masu biyu."

"Mama, ai ita kaɗai..."

"Na san ita kaɗai ce, ni na haife ta. Cire."

Ya cire. Ya ma juya abin, ya ce a nuna masa masu biyu kawai, daga Beljiyam. Suka dawo a jere, kafaɗa da kafaɗa. Bai ja ƙasa da nisa ba ta damƙe masa wuyan hannu mai lafiyar har ya yi ƙara.

Ga ta nan. Babu riga, babu jigida. Fuskar da wankan shekaru ya cinye har hanci ya zama ɗan tudu, da baƙin tabo a kafaɗar dama inda ta taɓa faɗawa bakin murhun banda. Tana tsaye a kan farin tebur, a gefenta kuma wani namiji, ya ɗan fi ta tsawo, itacensa ya fi nata duhu.

"Zinhuwe," Asiba ta ce wa gilashin. "Ga ni. Na gan ki. Ba ni na ba da ke ba."

Ta shafa fuskar da yatsa, ya bar maiƙo a gilashin. Sannan muryar ta dawo mata gaba ɗaya.

"Rubuta masa! Ka ce ɓarawo ɗan ɓarawo wan ɓarawo. Ka ce uwarta tana raye, tana da baki. Ka ce ya sa ta a jirgi yau, in ba haka ba zan kai shi gaban jandarma da gaban abin da ya fi jandarma. Rubuta, ina ji!"

Zinsu bai taɓa maɓalli ba.

"In na rubuta haka, kafin ki rufe baki ya sauke ta daga shafin. Ya kira wani mai kuɗi a waya ya sayar masa a ɓoye. Daga nan ko na sa sandunan duniya ba za mu sake ganinta ba."

"To hukuma fa?"

"Wace? Ɗanki ne ya miƙa ta da hannunsa. Za su ce kyauta ce."

"Wato a sace mini 'ya, in kuma biya."

"Ba wanda ya taya tukuna. Muddin ba a taya ba, akwai farashin da in ka biya yanzu an rufe gwanjon. Amma kin ga nan? Akwai masu sa ido a kai. Ɗaya ya taya, wannan ƙofar ta rufe, sai tsere da mutanen da ba mu san zurfin aljihunsu ba."

Asiba ta haɗiye abin da ke bakinta. Matar da ta riƙe wandon dillali a titi da safe ta zauna ta haɗa hannuwa a cinya.

"To tambaye shi da ladabi," ta ce, kalmar tana mata ɗaci. "Ka ce macen kaɗai muke so. Ya ware ta."

Ya rubuta. Suka jira. Zinsu yana sabunta shafin, kowace sabuntawa Asiba sai ta tambaya ko an taya. Gbenu ya fita ya sayo mata ruwan sanyi don neman sulhu, ta karɓa ba ta dube shi ba. Amsar ta zo kafin sanyin ruwan ya fita.

Zinsu ya karanta a zuci, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Me ya ce?"

"Ya ce ya yi baƙin ciki, amma ba zai iya ba. Wai wa da ƙanwa ne, uwa ɗaya, masassaƙi ɗaya. Wai a al'adar mutanen, raba tagwaye babban haramun ne, shi kuma yana girmama al'ada."

Gbenu ya kama tumbinsa ya juya bango yana danne dariya. Asiba ta miƙe tsaye, ta rasa wanda za ta mara, ta koma ta zauna.

"Yana girmama al'ada," ta maimaita. "Ƙara mini girman yaron in ga ɗan da na haifa ban sani ba."

Ya cika gilashin da shi. Ba aikin masassaƙinsu ba ne, ko makaho ya shafa zai faɗa. Fuskarsa ta fi ta Zinhuwe cinyewa, babu ido babu baki, sumul kamar dutsen rafi. Wata uwar ta fi Asiba daɗewa tana masa wanka. A inda bakin yake da, manja ya bushe ya yi ɓawo. A wuyan ƙafarsa akwai ɗan zare da tsakiya guda ja, wadda mai tuɓe su bai lura da ita ba.

Ta daɗe tana kallo. Da ta waiwayo, sai ta ga Zinsu ma shi yake kallo, fuskarsa a murtuke kamar yaron da aka ba wani kwanonsa. Shi da ya daina gaida 'yar'uwar tasa tun yana makaranta, yana cewa ana masa dariya.

"Wurina ne wannan," ya ce ƙasa ƙasa. "Wane ne shi da zai tsaya a gefenta?"

"Rufe bakinka!" Ta kai masa duka a cinya. "Wurinka? Kana so ka je ka tsaya a can?"

Sai ta ji abin da ta faɗa. Ta dubi hannun da ke rataye. Tirela ce, mai ɗauke da kwantena, kuma hannu kawai ta ɗauka ta bar mata sauran. Yarinya tsirara, da yunwa, a ƙasar sanyi, ta kira ɗan'uwanta sau ɗaya, sannan ta daina kira, don ta samu mai taya ta zama. Ta sake duban yaron mai sumul ɗin fuska, kafaɗarsa tana taɓa ta 'yarta.

"Saye su duka."

"Mama, ba namu ba ne. Ba mu san sunansa ba, ba mu san gidansu ba. In ya shigo gida ba a mayar da shi, kin sani. Ke ga ido ɗaya, ga shekaru. Wa zai riƙa masa wanka, wa zai ciyar da shi?"

"Kai, da ya tsaya a madadinka."

Zinsu ya dubi Gbenu ko zai yi wani wasan da zai cece shi, Gbenu yana ta goge teburin da ba shi da datti. Ya sabunta shafin sau ɗaya. Ba a taya ba. Ya kai yatsa ya danna.

Asiba ta saki numfashi, ta miƙe, ta ɗaure zane tamau irin ɗaurin da ake yi in za a je gidan Dosu. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Rubuta wa mai girmama al'ada. Ya naɗe su a zane ɗaya, kada ya kife su a kan fuska." Ta nuna shi da yatsa. "Kuma kada ka sa godiya."